Wai da gaske akwai ledar da ke yin sanyi in an ba ta wuta?

Sani_MaiFirij:
Salamu alaikum yan uwa. Tambaya ce da ni ga masu boko na cikinmu. Ni sana'ata gyaran firij da AC, shekarata 19 ina yi, to jiya yarona na shago ya kawo min waya yana nuna min wai an kirkiro wata leda siririya, in aka jona mata wuta sai tayi zafi in aka cire sai tayi sanyi, wai da ita za'a rika yin firij nan gaba babu kwamfiresa babu gas. Na ce masa ya ajiye wayar nan ya miko min sifana, amma gaskiya abin ya tsaya min a rai har dare. Ni abin da na sani duk abin da ka sa wa wuta zafi yake yi, daga waya har dutsen guga, to ta ina sanyi zai fito? Kuma in gaskiya ne mu ina zamu sa kanmu?

DanAuta_Kd:
Hhhh Oga Sani kwantar da hankalinka, da leda na yin sanyi ai da kwatocin unguwarmu sun zama kankara tuntuni.

MalamaHauwa:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Yaronka bai yi ƙarya ba, sai dai ya yi gaggawar rufe maka shago. Sunan abin ilektirokalorik. Kafin a shiga dogon bayani ga aikin gida: ka samu robar ɗaure kuɗi mai ɗan faɗi, ko balan-balan da ba a hura ba, ka ja ta da sauri ka ɗora a leɓenka na sama. Sai ka riƙe ta a miƙe cikin iska ka ƙirga goma, ka sassauta ta lokaci ɗaya ka sake ɗorawa a leɓen. Ka dawo ka ba mu labari.

Sani_MaiFirij:
Ikon Allah! Malama na gwada da robar da na daure rasit da ita. Da na ja sai naji dumi kamar an huro min numfashi, da na sake ta kuma sai naji sanyi-sanyi kamar ka taba bayan cokali. Sau hudu nayi, mai shagon kusa da ni yana ta kallona yana tunanin ko na fara tabuwa ne.

MalamaHauwa:
To ka riga ka gane rabin karatun. A cikin roba akwai dogayen zarurruka a cukurkuɗe kamar dafaffiyar taliya, kowane yana ta mutsu-mutsu yadda ya ga dama. In ka ja sai ka tilasta musu miƙewa, hargitsin ya ragu, kuma shi hargitsi ba ya ɓacewa haka kawai, sai ya koma zafi. In ka bari zafin ya tafi cikin iska sannan ka sake ta, za su koma cukurkuɗewarsu, kuma komawar tana buƙatar ƙarfi, sai su zuƙe shi daga jikin robar, ta yi sanyi. A ledar da kake tambaya hannu ba ya jan komai, lantarki ne ke yin aikin jan. Ni ajin sakandare nake koyarwa, iya nan ƙarfina ya kai, @Bash_a_Chana zo ka ɗora.

Bash_a_Chana:
Na zo Malama, ƙarfe ɗaya na dare ne a nan amma wannan ba ta wuce ni ba don a kan irin ledar nake karatu.
Baba Sani ba ledar kasuwa ba ce. Uwarta wata roba ce da ake kira PVDF, doguwar sarƙar kabon ce, gefe guda fulorin gefe guda haidirojin. Shi fulorin mayen lantarki ne, yana janyo shi wajensa, don haka kowace gaɓa ta sarƙar tana da kai biyu, fozitif da negetif, kamar ɗan mitsitsin batir. In ba wuta kowace gaɓa ta fuskanci inda take so. Ana shafa wa ledar ƙarfe siriri sama da ƙasa, da an ba ta wuta sai duk su juyo su kalli gefe ɗaya, ta yi zafi nan take. Kayan da gaɓoɓinsu ke juyawa haka su ake ce wa feroilektirik.
Tambayarka ta dutsen guga kuwa, a dutsen guga wuta ratsawa take ta cikin waya, wannan zafin ba ya dawowa. A ledar wuta ba ta ratsawa, tana tsayawa ne a fuskokin biyu, sak kafasitar da kake canzawa a AC. In na faɗa maka da yarenka: ba ta wuta shi ne kwamfiresa ya matse gas, jiran zafin ya fita shi ne kwandansa ta bayan firij, cire wuta shi ne gas ya wuce kafilari ya buɗe, shan zafin da take yi bayan nan shi ne ibaforeta.

Sani_MaiFirij:
Yauwa yanzu kayi Hausa dan nan, Allah yayi albarka. Amma ni a firij gas din yawo yake a cikin bututu, ya dauko zafi daga ciki ya kai waje. Ita ledar tana zaune wuri daya tayi zafi tayi sanyi tayi zafi tayi sanyi, to ai an yi ba'a yi ba kenan.

Bash_a_Chana:
Baba ka taɓa inda ke yi wa kowa ciwo a fannin nan, wallahi. Dole ko dai ledar ta yi yawo ko a sa wani ruwa ya yi yawo a kanta. A 2017 mutanen Farfesa Qibing Pei na jami'ar UCLA a Amurka suka fitar da wata na'ura a mujallar Science, ledar ce ke lilo tsakanin faranti biyu, in tana da wuta ta manne da farantin sama ta sauke zafinta, in an cire ta koma na ƙasa ta sha nasa. Da ita suka sauke zafin batirin waya da digiri 8 cikin daƙiƙa 5.

Abba_Tech01:
Wannan ai tsohon zance ne, ni ina da shi a gida. Dan karamin firij na mota da ake jonawa a wajen kunna sigari, babu kwamfiresa babu gas, sai fanka kawai.

Injiniya_Rabi:
@Abba_Tech01 wancan daban ne ƙanena. Na motarka Peltier ne, tun 1834 wani Bafaranshe ya gano shi. Shi wuta ke ratsa shi ba tsayawa, gefe ɗaya zafi gefe ɗaya sanyi, kuma ɓarnar wuta gare shi, shi ya sa in ka bar shi jone mota a kashe sai ka nemi masu turi da safe. Irinsa ne a cikin wasu ƙananan na'urorin sanyaya ruwa na ofis da ruwansu ba ya taɓa yin sanyin kirki.

Abba_Tech01:
To na karbi gyara Anti. Batun turi kuwa ya faru sau biyu.

Gwani_Tarihi:
Ni dai abin da ke burge ni mutanen Chana ba sa barci, kullum sai sun kirkiro sabon abu.

MalamaHauwa:
Gwani wannan karon sunanka ya ci amanarka. Tun 1930 aka fara ganin abin a Tarayyar Sobiyet, Kobeko da Kurchatov suka auna shi a wani gishiri da ake kira gishirin Roshel. Kurchatov ɗin nan shi ne daga baya ya jagoranci haɗa bam ɗin nukiliyarsu da aka gwada a 1949. Sai dai canjin zafin ɗan kaɗan ne ƙwarai, ba mai yin firij da shi, aka yi shekaru ana kallon abin kamar wasan yara. A 2006 ne ƙungiyar su Mischenko da Mathur a Kambirij ta Ingila suka ce sun samu digiri 12 a wani siririn tangaran mai dalma, amma sai an gasa shi ya wuce digiri 220 tukuna, ka ga wa zai sa firij a cikin tanda. Sai 2008 Farfesa Qiming Zhang da mutanensa a jami'ar Penn State ta Amurka suka samu sama da digiri 12 a leda, a zafin da ya ɗan haura digiri 70. Daga nan kowa ya farka.

Gwani_Tarihi:
To ai shi ma Zhang din sunan Chana ne Malama, ban fadi kasa warwas ba.

Hajiya_MaiKankara:
Ni duk wannan turancin bai dame ni ba. Firiza uku gare ni, da su nake biyan kudin makarantar yara. Ku fada min leda nawa zan saya ta daskarar min da buhun fiya wata, in babu amsa in koma bakin aikina.

Bash_a_Chana:
Hajiya bari mu yi lissafin tare. Fiya wata ɗaya giram 500 ce. Kafin ki sauke ta daga digiri 35 zuwa 10, sanyi kawai ba ƙanƙara ba, sai kin cire mata zafi jul 52,500, shi jul ma'aunin yawan zafi ne. Na'urar 2017 ɗin can kowane giram na leda yana cire jul 2.8 a daƙiƙa, wato giram ɗaya zai yi sama da awa 5 a kan fiya wata ɗaya. Za ki ce to a tara kilo guda mana, kuma a takarda kilo guda ya kai ƙarfin AC mai doki ɗaya. Inda gizo ke saƙar shi ne tazara. Tsakanin farantin zafi da na sanyi a na'urar bai kai digiri 3 ba. A 2020 suka jera hawa huɗu, wannan na miƙa wa wancan zafi kamar masu miƙa bulo a wajen gini, suka kai 8.7. Ke kuma a watan Afrilu ɗakinki yana 40, cikin firiza kina son 18 ƙasa da sifili, tazarar kusan 60 ke nan.

Hajiya_MaiKankara:
Wato babu. Na gode dana, Allah ya ba da sa'ar karatu.

DanAuta_Kd:
Hajiya ta yanke hukunci, kotu ta tashi.

Injiniya_Rabi:
Ni abin da ba a taɓo ba shi ne ƙarfin wutar. Na ga ana ta cewa "a ba ta wuta" kamar soket za a jona. Aikin 2008 ɗin sai da suka sa sama da bolt 200 a kan kowane maikiron ɗaya na kaurin ledar, shi maikiron kuwa ka raba milimita gida dubu ka ɗauki ɗaya, gashin kai ma ya kai 70 ko kusa. Iskar da muke shaƙa bolt 3 a maikiron take fara tartsatsi. Ko na'urar UCLA da suka sassauta zuwa wajen 67, ledar mai kaurin maikiron 50 ce, ku ninka ku gani, ya haura bolt 3,000. Wa zai sa wannan a kicin inda yara ke wasa da ruwa?

Usta_Lawal_TV:
Injiniya a nan ban bi ki ba. Raket din kashe sauro da ke hannun kowane yaro ai dubbai yake bayarwa daga dan batir, tsohuwar talabijin mai kwalba kuwa fulaibak dinta ya haura dubu 20 kuma a falo muka ajiye ta shekara da shekaru. Ni ta taba cilla ni jikin bango a shago ina yaro, ga ni nan da raina. Bolt ba shine ke kisa shi kadai ba, sai da yawan wutar da ke bayansa.

Injiniya_Rabi:
Usta gaskiyarka a kan raket, amma raket ba ya tara caji mai yawa. Kilo guda na leda da aka naɗe aka caje ta kafasita ce babba, kai ma ka san abin da babbar kafasita ke yi wa sukundireba. Kuma ba ma mutum kaɗai nake ji wa ba, ita kanta ledar fa?

Bash_a_Chana:
Anti Rabi kin tuna min baƙin cikina. Bari in ba ku labarin yadda muke yi. Garin robar fari ne kamar madarar gari, mu narka shi a wani ruwan sinadari, mu tace, mu zuba a kan gilashi, ya kwana yana bushewa, washegari a gasa a oba sannan a ɓare shi a hankali da ɗan hantsaki, yana fitowa garai-garai kamar ɓawon albasa. Sai a fesa masa zinare siriri gaba da baya. Akwai wata da na yi kwana tara a kanta, na ɗora a gaban kyamarar da ke ganin zafi, ina ƙara wuta kaɗan-kaɗan. Abin gwanin kyau, da na kunna sai allon ya yi ja wal, ya dushe a hankali, da na kashe ya koma shuɗi. Ina cikin murna na ƙara mataki ɗaya sai na ji ɗas! kamar an fasa ƙwaryar gyaɗa, ga ɗan wari, ga huda baƙa ƙarama kamar ta allura a tsakiya, zinaren gefenta ya ƙone. Ƙura ce ƙwaya ɗaya ta faɗa tun wajen zubawa. Wannan fa a ɗakin da muke sa hula da safar hannu, ina tuna harmatan ɗin gida sai in yi dariya ni kaɗai.
Shi ya sa yanzu kokawar duk a kan rage wutar take. Ana cusa wa sarƙar wasu baƙin gaɓoɓi, TrFE da CFE, ita CFE ɗin ta hana gaɓoɓin haɗa babbar ƙungiya, sai su zama ƙananan gungu masu saurin juyawa kuma su yi aiki a zafin ɗaki. A 2021 ƙungiyar Xiaoshi Qian a jami'ar Jiao Tong ta Shanghai suka ƙara gaɓa ta huɗu, suka samu digiri 7.5 da bolt 50 kacal a maikiron, kuma ta jure kunnawa da kashewa sama da sau miliyan.

Injiniya_Rabi:
Sau miliyan a kunne yana da daɗi. In tana kunnawa sau ɗaya a daƙiƙa, miliyan kwana 12 ne bai cika ba. Firij ɗin mahaifiyata ya girmi autanmu.

Issoufou_Maradi:
Salam yan uwa na Najeriya. Mu nan abin da munka hi so mu sani shi ne cin kuran. In zahi ya taso kuran ba ya zama, kowa ya koma ga pano da batir, kuma firigo shi ka hwara shanye batir. Wagga leda in ta zo, pano guda ya ishe ta? In ko ba haka ba mu randa ba ta taɓa ba mu kunya ba.

MalamaHauwa:
Malam Issoufou randa ai ita ma kimiyya ce, ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska ya tafi da zafi. Marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa da tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani ya ci kyautar Rolex a 2000. Sai dai da damina in iska ta jiƙe ba ta yin abin kirki.

Dr_KabirZ:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. A kan tambayar Issoufou: masu na'urar 2017 sun ce kowane wat ɗaya na wuta yana kwashe wat 13 na zafi, AC na gida kuwa 3 zuwa 4 yake yi. Amma kwatancen akwai zalunci a ciki, don ɗaga zafi tazarar digiri ɗaya ko biyu ba abin wahala ba ne, kamar ka yi alfahari ka fi mai hawa bene sauri alhali kai dakali ka taka. Sannan irin wannan lissafi yana ɗauka cewa cajin da ka zuba a ledar za ka kwashe shi ka sake amfani da shi in ka kashe, in ba ka yi da'irar da za ta yi hakan ba ribar ta tafi.
Abu na biyu Malama Hauwa, digiri 12 ɗin nan na 2006 da 2008 ba ma'aunin zafi aka manna aka karanta ba. Cajin aka auna a zafi daban-daban aka fitar da lambar ta wani lissafi da ake kira na Maxwell. In samfurin yana yoyon wuta lissafin kan ba da lambar da ba ta nan.

Bash_a_Chana:
Yallaɓai haka ne, amma an zo an auna kai tsaye daga baya, kuma a leda mai gaɓa uku abin da aka auna ya ma fi abin da lissafin ya bayar. Ni da idona na ga ja da shuɗin.

Dr_KabirZ:
Ban ce babu ba Bashir, na ce a riƙa tambayar yadda aka samo lamba. Kuma in ana maganar na'ura mai tazara, tangaran ne a gaba ba ledarku ba. Ƙungiyar Emmanuel Defay a Luksambok sun kai digiri 13 a 2020, suka kai 20.9 a 2023, da ƙananan kafasitocin tangaran da ruwa ke kai-komo a tsakaninsu. Ƙarfin sanyayawar kuma wat 4 da ɗoriya, ko ƙwan fitila bai kai ba. Ita leda ga rashin ba zafi hanya, jan ƙarfe ya fi ta wajen sau dubu biyu, dole ta zama siririya, in ta zama siririya kuma ba ta da nauyin da za ta ɗauki zafi mai yawa.

Bash_a_Chana:
Tangaran ɗin nasu dalma ce a ciki Yallaɓai, ga sikandiyom mai tsada. Tamu tana lanƙwasuwa, ba nauyi, ana iya buga ta a nannaɗe kamar atamfa. A 2023 jami'ar Nankai ta nan Chana sun haɗa ta da sola mai lanƙwasa suka yi abin sawa a jiki da ke sauke zafin fata wajen digiri 10. A ɗinka tangaran a riga mu gani.

Dr_KabirZ:
Ku kuma fulorin. A 2023 ƙasashe biyar, Jamus da Holan da Denmak da Suwidin da Nowe, suka kai buƙatar a taƙaita dangin sinadarai masu fulorin da ake kira PFAS a Turai, kuma a yadda suka fassara dangin, PVDF ta faɗa ciki. Kowa da abin da ke damunsa.

DanAuta_Kd:
Ni a bar firij din, rigar nan nake so. Bash in zaka dawo ka taho min da babbar riga da hula, daurin auren abokina a watan hudu ne.

Sani_MaiFirij:
Dr maganar takaita sinadaran nan ce ta tuna min da gas, shi ya sa na dawo. Ni a hannuna an canza mana gas ya kai sau uku, na fara da R12 da R22, aka ce suna huda sama aka kawo R134a da R410A, yanzu kuma ance su ma suna dumama duniya, sabbin firij duk R600a ne mai kamawa da wuta. Wani yaro a layinmu ya kunna wutar walda bai gama zuke shi ba, girarsa ce ta tafi, Allah ya takaita. Ga jabun gas da ya cika kasuwa, ka saya gwangwani da kudinka ka zuba kwamfiresa ta kone mai kaya ya ce kai ne. To in da gaske za'a rabu da gas ni ba zan yi kuka ba.

Injiniya_Rabi:
Yarjejeniyar Kigali ce ta 2016 ta jawo canjin na baya-bayan nan Malam Sani. Kilo ɗaya na R134a in ya tsere daidai yake da kilo 1,430 na hayaƙin kabon, R410A ya haura 2,000. Amma ka lura R600a ɗin da kake ƙorafi a kansa nasa bai wuce 3 ba, ga arha, ga shi yana aiki yau. Duk mai son kawo leda da shi zai yi takara, ba da tsohon gas ba.

Bash_a_Chana:
Kuma giram ɗaya na gas in ya tafasa yana kwashe jul wajen 200 ko fiye, giram na leda a juyi ɗaya bai fi 20 ba. Ni a ganina inda za ta fara shiga wurin da kwamfiresa ba ta iya shiga ne, cikin waya, batir, kwamfuta, ɗan akwatin ajiye magani.

Dr_KabirZ:
Ko nan ɗin ma sai na gani a kanti.

Sani_MaiFirij:
To ni har yanzu ba'a amsa min tambayata ta biyu ba, wato mu masu gyara ina zamu sa kanmu. In ta huje kamar yadda ta yi wa Bashir, ana like ta ne ko sai dai a cire duka a sa sabuwa? Don in babu abin gyara a ciki gara in sani tun yanzu in tura yaron nan ya koyi hada sola.

Usta_Lawal_TV:
Oga Sani haka muka ce da aka daina talabijin mai kwalba, yanzu bod muke canzawa da fitilun baya. Wannan din ma dole akwai bod mai daga wuta zuwa dubu uku, kuma duk abin da ke daga wuta a garin nan sai ya kone.

Bash_a_Chana:
Baba wani lokacin in zinaren siriri ne sosai yana ƙonewa ya zagaye hudar, sauran ledar ta ci gaba da aiki, wani lokacin kuma shi ke nan ta tafi. Wadda ta huje min tana nan cikin littafina, in na zo hutu zan kawo maka ita shago ka riƙe da hannunka.

Sani_MaiFirij:
Allah ya kawo ka lafiya, ka zo da mai kyau ma guda daya mu jona ta a raket din Usta. Bari in tashi, an sauke min wata firiza daga Adaidaita tun dazu mai ita yana tsaye a kaina.

Injiniya_Rabi:
Don Allah kar ku jona komai a raket.